Tashar da Ba Ta Cikin Jadawali

Ƙarfe takwas saura kwata na daren wata Alhamis na buɗe baki na ƙaryata kakata a gaban mutanen gidanmu. Na san lokacin daidai domin ni ce mai kula da agogon teburin Baba, wanda ya sayo a Kano shekarar da gyaɗa ta yi kyau. Ni nake murza masa makulli kowace safiya, duk inda na zauna kuma yana kusa da ƙafata. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin.

Gidanmu yana wata unguwa a bayan garin Kabo. Kakannina makiyaya ne, cuta ta cinye musu shanu, suka zauna suka kama fartanya. Mu da muka tashi, gyaɗa muka tarar ana yi wa hidima. Wadda za a kai wurin awo a turmi ake sussuka ta da rana, amma ta iri sai da hannu, don kada ƙwaya ta fashe. Saboda haka da an idar da sallar isha'i sai a hura wuta a tsakar gida da ɓawon gyaɗa da karan dawa, kowa ya jawo ƙwaryarsa, mu kewaye Dada.

Dada ita ce mahaifiyar Baba. Doguwa ce siririya, da rana ba ta cika magana ba, amma in ta zauna gaban wuta sai ta zama wata daban. Ni Akawu take kirana, saboda kullum ina rungume da littafi.

"Akawu, ajiye takardar nan ki kama ɓara," in ji ta. "Ban taɓa ganin an yi ƙuli-ƙuli da ita ba."

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Kabo ba, haka ma Gwarzo. Gyaɗarmu a kan jaki take barin gida, mota ta kai ta Kano, a jibge ta dala-dala, jirgi ya kwashe ta zuwa Ikko. A cikinmu yara babu wanda ya taɓa ganinsa. Duk abin da muka sani game da shi daga tatsuniya ɗaya muka sani, wadda Dada ba ta yin ta sai sau biyu ko uku a shekara, kuma ba a roƙonta, ita take ɗaukowa da kanta.

Wata mata ce, in ji ta, tana da farin maraƙi guda ɗaya. Wata rana ya jiyo kukan jirgi daga nesa, ya tsinke igiya ya bi. Matar ta jira damina ta wuce, bai dawo ba. Sai ta naɗe igiyar a ƙugunta, ta hau motar gyaɗa zuwa Kano, ta shiga jirgin Zariya, ba mai saurin ba, mai tsayawa a kowace tasha. A nan Dada takan kama yin kukan jirgin da bakinta, tana kaɗa ƙwaryarta, mu kuma mu yi ta dariya har gyaɗa ta zube. A Challawa matar ta leƙo ta taga ta tambayi mai tuta, ya ce ya ga farin maraƙi ya haye gada. A Madobi ta tambayi mai fura, ta ce ya sha ruwa a wurinta ya wuce. A Yako ta tambayi mai zuba wa jirgi kwal, ya ce ta ƙara gaba kaɗan. Sai jirgi ya tsaya a Tashar Marke, inda babu mai hawa babu mai sauka sai ita. Ta tarar da maraƙin kwance a gindin bishiyar marke. Ya ce mata ta koma gida, shi ya samu wurin kwana. Ta zauna kusa da shi har jirgin yamma ya zo, ta dawo da igiyarta.

Mu yara ba ma son ƙarshen. Lami, 'yar ƙanen Baba, kullum sai ta ce, "Dada, shi ke nan? Ba ta ko ja shi ba?"

"Ba ta ja shi ba."

"To me ya sa ta je?"

"Ɓare gyaɗarki, mai bakin tsiya."

A wannan shekarar ne malaminmu na firamare ya manna tsohon jadawalin jirgi a bangon aji, don ya koya mana karanta lokaci. Ni ba na wasan tsalle, ba na iya magana a gaban mutane, amma kwafe abu ba a fi ni ba. Kwana uku ina tsayawa bayan an tashi, na ja layi da rula, na kwashe sunayen tashoshi daga Kano har Zariya da lokacin isa kowacce. Na duba sau biyu, na sake dubawa. Babu Tashar Marke.

Ban yi niyyar faɗa ba. Amma a daren nan na Alhamis, da Dada ta ɗauko labarin maraƙi ta iso Yako, ta ɗan yi shiru kamar yadda ta saba kafin ta ce jirgi ya tsaya, sai na ji muryata ta fita da kanta.

"Dada, daga Yako sai Dangora. Babu wata Tashar Marke."

Lami ta tuntsure da dariya. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na buɗe littafin na karkata shi wajen hasken wuta, na karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, har da mintocinsu. Ina jin daɗi ina karantawa. Wannan ne abin da har yau nake kasa yafe wa kaina: karo na farko ke nan da duk gidan suka yi tsit suna saurarona, kuma ya yi mini daɗi.

Da na ɗago kai sai na ga Baba, wanda yake zaune can gefe yana gyaran igiyar jaki, ya miƙe ya fita zaure. Inna ta mintsine ni a cinya har sai da na ji hawaye. Dada kuwa ba ta daina ɓara ba.

"Haka takarda ta ce, Akawu?"

"Haka ta ce."

"Kin duba da kyau?"

"Sau uku."

"To, ta fi ni sani."

Ta juya ta ba mu wata tatsuniyar, ta kura da mai gona, ta ƙarasa ta lafiya lau, aka watse.

Ba ta sake yin labarin maraƙi ba. In Lami ta dame ta sai ta ce, "Ku tambayi Akawu, jirgin yana hannunta." Inna ta yi mini faɗa a kan rashin kunya, cewa yaro ba ya gyara wa babba magana, kuma ni ma iyakar abin da na ɗauka na yi ke nan. Ya ishe ni. Na bar wurin zamana na kusa da gwiwar Dada, na koma bayan Inna inda hasken wuta ba ya kaiwa. Da safe daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, kaina a ƙasa. Takan kira ni in saka mata zare a allura, ko in karanta mata abin da aka rubuta a jikin gwangwanin magani, ta ce in zauna. Sai in yi abin da sauri in ce ina da aikin makaranta. Na sha tsara yadda zan ba ta haƙuri, har rubutawa na yi a bayan littafi, amma in na iso ƙofarta sai in juya.

Shekara ta zagayo aka tura ni babbar firamare a Gwarzo, na zauna wurin Goggo Hari, yayar Baba. Na ji sauƙi da na bar gida, wannan ma abin kunya ne. Daga can na wuce makarantar horon malamai a Kano. Ina shekara ta biyu Dada ta rasu. Kafin saƙo ya same ni in iso, an yi kwana uku da binne ta.

Sai da na fara koyarwa na shiga jirgi a karon farko, an tura mu wani kwas Zariya. Na zaɓi mai tsayawa a kowace tasha, na zauna kusa da taga a cikin mata masu kwandunan albasa da kaji. Halina bai canza ba, ina riƙe da fensir ina yi wa kowace tasha alama. Challawa da gadarta. Madobi, 'yan talla suna miƙo fura ta taga. Yako. Mun bar Yako da ɗan nisa sai na ji jirgin yana rage gudu, ya tsaya cak a tsakiyar daji. Babu dakali, babu allo mai suna. 'Yan bukkoki ne guda huɗu ko biyar a gefen layi, da itatuwa, wasu maza suka taho da gudu ana sauke musu duro.

Na tare mai duba tikiti. "Malam, wace tasha ce wannan?"

"Ba tasha ba ce, Malama. Ruwa muke sauke wa leburorin gyaran layi. Ba kullum ba."

"Mutum yana iya sauka a nan?"

Ya dube ni sama da ƙasa, da takalmina na kanti. "In yana da wani a nan, mukan yi masa alfarma. Ke kina da wani?"

Na ce ba ni da kowa. Har muka isa Zariya ban sake yin alama ko ɗaya ba.

Da aka gama kwas ban tsaya Kano ba, Gwarzo na wuce. Na tarar da Goggo Hari a tsakar gida da hantsi tana matsar tunkuza, mai yana ɗiga cikin kwano. Muka gaisa, ta tambayi hanya da mutanen Zariya da ba ta sani ba, ta yi mini tsiyar na rame kamar ba a biyan malamai. Sannan na faɗa mata abin da na gani.

Ta ci gaba da matsa. Can ta goge hannu a zane.

"Ke a zatonki ni ce 'yar farin Dada?"

"Ba ke ba ce, Goggo?"

"Akwai yayanmu, Buba. Babanki bai fi shekara biyar ba lokacin. Da shanu suka ƙare ya ce ba zai iya noma ba, ya tafi ya kama aikin layi. Zazzaɓi ya kama shi a can, abokan aikinsa suka binne shi a inda suke. Sai bayan wata guda labari ya iso mana. Dada ba ta gaya wa kowa ba, ta ce za ta Kano duba wata 'yar'uwa. Kwana huɗu ta yi."

"Amma ban taɓa jin sunansa a gida ba."

"A bakin wa za ki ji? Ɗan fari ne fa. Ke boko ta sa kin manta mu su wane ne? Tun yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, in yana kuka sai ta kau da kai wata ta ɗauka. Ya mutu kuma ta zauna ta yi masa kuka a gaban surukai? Ai da ta zama abin faɗa. Mu ma da muka ga ba ta ambata, sai muka kama bakinmu."

Na zauna a kan turmi. Wato mace ta haifi ɗa, al'ada ta hana ta kiran sunansa yana raye, ta hana ta yi masa kuka ya mutu, sai ta nemo 'yar hanya guda ɗaya, ta mai da shi maraƙi, ta riƙa kai masa ziyara sau biyu ko uku a shekara a gaban jikoki masu dariya. Wannan hanyar na toshe da rula da fensir. Na yi shekaru ina koya wa yara cewa su duba abu sau uku kafin su faɗa, kuma har yanzu ina koya musu, domin ba ƙarya na karanto a daren nan ba. Jadawalin daidai yake. Abin da ban sani ba shi ne an buga shi ne don masu zuwa kasuwa da masu zuwa aiki, ba a sa inda mutum ɗaya ya taɓa sauka ba.

"Goggo," na ce, "ta rasu tana fushi da ni ko? Saboda na ƙaryata ta?"

Goggo Hari ta ja kwanon man gefe, ta dube ni sosai.

"Fushi? Ai ni ta zo ta samu a ɗakin nan bayan kin dawo wurina, kina makaranta, tana ta yabonki. Ta ce shekara da shekaru tana ba da labarin nan, yara suna dariyar kukan jirgi, manya suna sunkuyar da kai, ke kaɗai kika saurara har kika gane akwai wurin da bai kamata jirgi ya tsaya ba. Ta ce, 'Akawu ba ta barin abu rabi. Za ta dawo ta tambaye ni, to me ya tsayar da shi? Ita jika ce, babu kunya tsakanina da ita, in ta tambaya zan faɗa mata sunansa.' Ke take jira, Binta. Ba ki je ba."