Shekarar da Aka Musanya Ni da 'Ya'yan Mahauci

Yau da safe ina sa wando na tsaya da ƙafa ɗaya, sai gwiwata ta yi ƙara kamar an taka busasshen karan gero. Na zauna bakin gado ina haki. Kai mai karatu, riƙe dariyarka tukuna. Wannan gwiwa da ka ji tana kuka, akwai shekarar da dattawan unguwa biyu suka yi kwana bakwai suna shawara a kanta, kuma sai da aka ba da ƙarti biyu kafin a same ta.

Lokacin Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba. Ya kafa barikinsa kan duwatsu tsakanin Birni da Zango, ya karɓe bindigogi, ya hana yaƙi, ya kwashe magidanta zuwa aikin dole. Babana yana cikinsu, yana dakon kaya a wata hanya da ba mu san inda ta ƙare ba. Aka bar tsofaffi a kan dakali. Mutanen da a da su ke faɗin wanda zai fita fagen daga da wanda zai tsare ƙofar gari, yanzu ba abin da ya rage a hannunsu sai langar yara. To, suka kama ta da hannu biyu.

Idan ba ka taɓa yin langa ba, ga yadda take. Ka kama babban yatsan ƙafarka ta baya, ka yi ta tsalle da ɗayar. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi, ya mutu. Kowane gefe yana da yaro ɗaya da ake kira ruwa, sauran dawakinsa ne, su ke ture masa hanya. Idan ruwa ya kai turmin da aka kife a can ƙarshen fili ya taɓa shi, an sha ke nan. Ni ne ruwan Birni. Ba yabon kai ba ne, ko da yake waɗanda za su ƙaryata ni duk sun riga mu gidan gaskiya.

Bayan girbi ake yi, da la'asar sakaliya, sa'ad da yashi ya huce kuma ƙamshin gyaɗar da mata ke soyawa ya cika lunguna. Mu muna tsalle, tsofaffi suna hukunci. Wannan ya ce a cire ɗan maƙeri, ƙafarsa ta yi nauyi. Wancan ya ce duk wanda ya taɓa ɗan maƙeri bai san langa ba, shi da ubansa. Wani tsoho da ko inuwarsa ba ya gani sosai, shi ya fi kowa sanin wanda ya yi sakaci jiya. Babban alƙalinsu kakana ne na wajen uba, baduku, yana ɗinkin jakar fata yana tsara mu kamar rundunar sarki.

Akwai doka ɗaya da ba a taɓa takawa: yaro yana yi wa unguwar da yake kwana yake cin tuwo a cikinta ne. Saboda haka idan ana son a sauya ɗan wasa, tabarmarsa ake ɗauka. A nemo masa goggo ko kawu a can, a ce an ba da shi riƙo.

Birni muna da yara biyu da suka iya zama ruwa, ni da jikan liman, amma dawakinmu ramammu ne. Zango kuwa suna da ƙarti ba ruwan kirki. Ga shi kakana na wajen uwa a Zango yake, mai saukar da fatake ne. Ga kuma wasu 'ya'yan mahauci biyu a can, wuyansu kamar na bijimi, goggonsu tana aure a Birni. Ka ga inda zancen ya nufa. Kwana bakwai kakannina biyu suna aika wa juna goro da baƙar magana, kowanne yana ganin shi zai cuci ɗan'uwansa. Na Birni ya gaya wa mutanen dakali sirrin da ya sa zai sake ni.

"Yana waiwaye," in ji shi. "Ruwan da ke waiwaye ba ya daɗewa."

Ni ba wanda ya tambaye ni. Innata ma ba a tambaye ta ba, kuma ba ta da bakin magana, gefe ɗaya surukinta, gefe ɗaya mahaifinta. Ta naɗe tabarmata, ta ɗaure da igiyar kaba, ta daɗe tana gyara ƙullin da ya riga ya ɗauru. A zaure kakana ya dube ni ya ce, "Aboki, ka bar mini gidan ke nan? Madalla, tuwo ya huta." Na so in rama kamar kullum, sai kawai na ɗauki tabarmata na fita.

Daga Zango zuwa Birni ba nisa, idan ka hau dutse kana hango garun gari da rufin gidajenmu. Amma ni kamar an kai ni Barno. A Zango sunana ɗan Birni, ana yin shiru idan na zo. Ranar da na saci jiki na shiga Birni, abokaina suka ce ga ɗan Zango ya zo leƙen asiri, kakana kuma ya sa yayana, ɗaya daga dawakin Birni, ya raka ni har ƙofar gari kafin in sha ruwan gidanmu, wai kada a ce na ci tuwon Birni ciniki ya ɓaci.

Da ranar karo ta matso sai na zauna na yi tunani irin na manya. Idan na sha, Zango ba za su sake ni ba har abada. Idan na faɗi da gangan, wataƙila su ce an ba su kayan banza, su mayar da ni. Na ji daɗin wannan dabara kwana biyu, har yayana ya same ni a bakin rijiya da saƙo.

"Tsoho ya ce ya san tsallenka kamar yadda ya san basillarsa. In ka faɗi da gangan zai gane, kuma ba ya ajiye mayaudari a gidansa."

"In na sha fa?"

"In ka sha, ni zan karya ka."

Ranar aka cika fili maƙil, har sojan Nasara suna leƙe daga kan dutse. Na kama yatsa, na shiga. 'Ya'yan mahauci suka zo mini kamar garu ya taso, amma nauyinsu ya yi musu yawa, na goce hagu suka yi karo da juna. Saura yayana tsakanina da turmi. Na dube shi, ya dube ni. Wallahi har yau ban san abin da na yanke a zuciyata ba. Kaina yana cewa faɗi, ƙafar nan kuwa ba ta san wani abu ba sai tsalle. Ya kawo kafaɗa, ta kauce da kanta, sai ga tafina a kan turmi. Zango suka ɗauke ni sama suna ihu. Daga can saman na waiwaya, na ga kakana yana tattara fatunsa.

Ba a yi kwana goma ba kumandan bariki ya aiko gardi da tafinta, kowace unguwa ta ba da yaro ɗaya a sa shi lakwal, makarantar Nasara. A wancan zamanin lakwal da kabari kusan ɗaya ne a idon mutane, ana ɓoye yara har cikin rumbu. Dattawan Zango suka zauna kan dakalin nan dai da suke tsara langa, suka yi wani zaɓen. Kowane yaro yana da dangin uba a tsaye bayansa. Ni ubana yana dako, kuma ni ɗan 'ya ne a gidan da nake. Kakana na Zango ya yi ta rantsuwa, aka ba shi haƙuri. Waɗanda suka ɗaga ni sama, su suka miƙa ni.

Kakana na Birni ya zo da sandarsa, rawaninsa a karkace, shi da bai taka Zango ba shekara da shekaru.

"Yaron nan namu ne! Aro muka ba ku!"

Mai unguwar Zango ya ce, "Malam, ina yake kwana? Ina yake cin tuwo? Dokar nan ai kai ka fi kowa riƙe ta."

Tafinta ya jiƙa alƙalami ya rubuta sunana, ya rubuta Zango a gabansa. Abin da Nasara ya rubuta kuwa ba a kankarewa da goro.

Shekara uku na yi a wani gida bayan bariki, mushe, malamin lakwal, yana koya mana baƙaƙe da bulala, har ciwon ido ya sa suka gaji da ni suka sallame ni. Ilimin da kake gani ina rubutu da shi ke nan, idan ka ga ya yi ɗingishi ka san dalili. Da na komo na tarar 'ya'yan mahauci sun cinye rumbun goggonsu sun koma gida, jikan liman ya yi ƙiba, kuma har lokacin ana gardama a dakali kan wa ya ci riba a musayar. Rabi suna cewa Birni, tunda Zango sun rasa ruwa. Rabi suna cewa Zango, tunda sun tsirar da 'ya'yansu. Kakana kaɗai ba ya sa baki. Ya ɗinka mini jakar littafi mai kyau, ya ba ni, ni kuwa na riga na bar karatu.

Yanzu langa ta koma ƙauye, garun ma ya zube, ba ka sanin inda Birni ta tsaya Zango ta fara. Samarin gidanmu ƙwallo suka sani. Su kewaye rediyo suna kumfar baki, wai an ɗauke wane daga wannan ekip, wato ƙungiya, an kai shi waccan, wannan ya ce an yi wayo, wancan ya ce an yi hauka, a cire wane a sa wane. Muryoyin dai irin na dakalinmu ne, gemun ne kawai babu. Wani lokaci don tsokana sai su ce, "Tsoho, kai me ka gani?"

Sai in gyara zama, in yi fuskar masani, in ce a gaya mini tukuna, yaron da aka sauya ɗin, a wane gari uwarsa take? Su kwashe da dariya, su ce tsoho bai san ƙwallo ba. Har yau ba a sami wanda ya san amsar ba.