Injin da Na Riƙe wa 'Yar Fari

'Yata ta fari ba a hannuna ta tashi ba. Da aka yaye ta, uwar mijina ta ɗauke ta zuwa garin Babban Mutum, mu muna Daura. Ita take kira Inna, ni kuwa Yaya. Ban taɓa faɗin sunanta ba, haka na ga iyayenmu suna yi da ɗan fari. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi maganarta in ce yarinyar Inna.

Tana aji huɗu ciwon daji ya kama mata cinya. Aka tura mu babban asibiti a Kano, aka yi mata tiyata. Mikin ya ƙi haɗewa, likita ya ce maganin dajin ne ya raunana jikinta. Inna ba ta iya kwanan tabarma saboda ciwon ƙafa, mai gida kuma ga gona ga ƙannenta. Jinya ta faɗo kaina. Ban san kowa a garin ba, ita ma da nake jinya ban san ta sosai ba. Ko yadda take son kokonta sai da na tambaya.

Sai likitoci suka kawo wani ɗan inji. Ana cusa soso cikin mikin, a manne da leda, a jona siririn tiyo, injin ya riƙa zuƙe ruwan ciwon yana tarawa a ɗan gora. Nas ta ce kada tiyon ya lanƙwashe, kada ya fizge. Tiyon kuwa gajere ne. In za ta ban ɗaki, ni ke rungume da injin, kafaɗata na gogar tata. In ta juya a gado, ni ma in juya. Tun yaye ban zauna kusa da ita haka ba.

Tana tsokanar injin, wai ƙanenta ne mai kwaɗayi, ba ya ƙoshi. Matan ɗakin su yi dariya, ni in sunkuyar da kai.

Ranar canjin soso ita ce mai wuya, don yakan kama nama. Wata safiya nas ta fara ɓare ledar, yarinyar ta sandare tana kiran Inna. Nas ta ce in riƙe ta, in yi mata magana. Na ce "ke, ke", ba ta ji ba. Na duba ɗakin, babu ɗan Daura ko ɗaya. Na sa bakina a kunnenta na faɗi sunan.

Ta daina kiran Inna, ta bari aka gama. Bayan nas ta fita ta dube ni.

"Yaya, ashe kin san shi."

Na ce na sani.

Mikin ya cika, aka cire injin aka kai wa wani yaro. Ciwon dai ya riga ya hau huhu. Muka dawo gida, Inna ta karɓi abarta, na koma bakin ƙofa inda uwa take tsayawa. Kafin girbi yarinyar ta rasu.

A zaman makoki Inna aka yi wa gaisuwa, haka ya dace. Mata suna yaba dauriyata, ina zuba musu ruwa.

Yanzu in gida ya watse, yara suna makaranta, nakan faɗi sunan ina tankaɗe. A hankali nake faɗa, kamar yadda na faɗa mata a kunne.