Layi Ɗaya a Takardar Ayaba

Shekara goma sha ɗaya na yi a gaban firinta ɗaya, a wani ofishin fiton kaya da ke Magama, bakin iyakar Jibiya. Aikina fitar wa direbobi takardun da za su nuna a tsallake. Bayanan daga wata tsohuwar kwamfuta suke zuwa, can hedikwatarmu ta Katsina, wadda aka ce ta girmi rabin ma'aikatan kamfanin. Ita rubutu da lambobi zalla take turowa. Layuka da gurabe suna jikin fom tun daga wurin bugu, irin takardar nan mai huji-huji a gefe.

Tsohuwar tana da wani hali da ni kaɗai na sani: duk abin da ta turo sai ya sauka layi ɗaya ƙasa da inda ya kamata. Don haka kullum in na ɗora takarda sai in murɗa ta baya kaɗan, komai ya faɗa gurbinsa. Ba a rubuce yake ko'ina ba. Wanda na gada ne ya nuna mini, shi kuma ya daɗe da rasuwa.

Wata Alhamis sai ga injiniya daga hedikwata, ya ce an daina wannan wahala. Daga yau abin da tsohuwar ta turo ba firinta zai nufa ba. Wata manhaja za ta tare shi a hanya, ta shimfiɗa shi kan hoton fom ɗin, ta mayar da shi PDF, sai a buga a farar takarda ko a tura a waya. Na buɗe baki zan gaya masa zancen layin, ya ce in ɗan matsa, ina tare masa haske. A gaban direbobi ya faɗa, wani har ya yi dariya. Ni kuwa ba a raba ni da zuciya, na ja kujerata na koma bakin ƙofa.

Da takardar farko ta fito na ɗauka na duba. Saman lafiya lau, don gurbin suna da faɗi. Amma ƙasa, inda adadin kaya da nauyinsu suke bin juna, adadi ya faɗa gurbin nauyi. Injiniya bai lura ba, lamba duk lamba ce a wurinsa. Ni na gani sarai. Na ce a raina bari mai neman haske ya gano da kansa.

Takardar ta wani dattijon direba ce da ke ɗauko ayaba daga kudu yana kaiwa Maraɗi. Mota tasa, kaya nasa. Bai yi boko ba, kullum hannu biyu yake sa ya karɓi abin da na ba shi. Ya jujjuya farar takardar ya tambaye ni ko wannan za ta yi. Na ce za ta yi.

Injiniya ya kama hanyar Katsina bayan azahar, ni kuma zama ya gagare ni. In fita bakin titi in leƙa wajen shinge, in dawo, in goge teburin da na riga na goge. Na sayi shayi na manta da shi har ya huce. Na yi ta ce wa kaina wataƙila jami'an can ba za su duba ba. Tsoro nake ji, kuma har lokacin ina jin haushin injiniyan.

Bayan la'asar sai ga dattijon a kan babur ɗin kabu-kabu, babu mota. 'Yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, sun riƙe ta, don takarda ta ce kayan duka ba su wuce nauyin buhun gero uku ba.

"Ɗana, mi ke ga takardar ga?" ya ce. "Kwana ukku ke nan kayan na cikin tampol."

Na ruga na jona tsohuwar firintata, amma an riga an sauya hanya, ko ƙas ba ta yi ba. Na kira injiniya ya fi sau goma, wayar ba ta shiga. Sai da hantsin Juma'a na same shi. Na gaya masa layi ɗaya ne, ya gyara daga can kafin in sauya wayar zuwa ɗaya kunnen. Ya tambaye ni yaushe na gano, na ce yanzun nan.

Kafin dattijon ya koma da sabuwar takarda jami'an sun tafi masallaci. Sai yamma aka saki motar, kuma da aka ɗage tampol a Maraɗi fiye da rabin ayabar ta yi baƙi ta narke.

Ranar Litinin ya biyo ta ofis da motarsa wayam. Ya rame a idona. Ya shigo da nonon ayaba guda, cikin 'yan waɗanda suka tsira, ya ajiye mini a kan tebur. Sannan ya juya ya gaya wa direbobin da ke benci cewa ni na gano ɓarnar, da ba don ni ba da ko ɗaya bai fitar ba. Suka yi ta sa mini albarka.

Na ce masa, "Baba, Allah ya mayar da alheri." Ya ce amin, ya miƙo hannu ya tambaye ni ko takardarsa ta mako mai zuwa ni zan duba masa da kaina.