Tarin Baffa

Tun ina ƙarama, tarin Baffa ne ke gaya mana magariba ta wuce. Za ka ji shi tun daga bakin lungu, sai ga shi ya shigo zauren gidanmu a Argungu, ya jingine sandarsa, ya zauna a gefen tabarmar da ya saba. Ba mu haɗa jini da shi ba. Abokin Babanmu ne tun suna samari, mun dai tashi mun ji ana ce masa Baffa. Masunci ne, ya shekara da shekaru yana bandar kifi a bakin gulbi har hayaƙi ya zauna masa a ƙirji. Tarin ya girme ni, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa ciwo.

A zauren nan dattawan unguwa ke ciyayya. Kowane gida a fito da abin da aka dafa, a jera kwanuka, a buɗe ɗaya a cinye tare, sannan a jawo na gaba. Matar Baffa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa guda tana aure a Gulma, don haka ba kwanon da ke fitowa daga gidansa. Yakan zo da ɗan busasshen kifi, wata rana goro, wata rana labari kawai. Shi da Baba kuwa kullum sai sun yi faɗa a kan kwano kamar yara, Baba ya ce Baffa ya janye masa kan kifi, Baffa ya ce masa ai mai ciwon suga ba shi da ta cewa a gaban tuwon shinkafa.

Shekarar da korona ta zo ina gida. Na gama takabar mijina ban koma ko'ina ba, an kuma rufe makarantar da nake koyarwa, ni ke yi wa Baba girki. Ana gab da azumi yayana ya zo daga Birnin Kebbi, inda yake aikin jinya a asibiti. Ya shigo da takunkumi a fuska, ya durƙusa daga nesa ya gaida Baba, Baba ya miƙa hannu ya ƙi karɓa. Ban taɓa ganin haka a gidanmu ba. Kafin ya sha ruwa ya yanke hukunci: ba ciyayya, ba zaman zaure, Baba ya yi sallarsa a ɗaki.

Na bi shi har bakin madafa na hau shi da faɗa, don ni bakina ba ya shiru.

“Yaya, mutanen ga tun ba a haihe mu ba suka ci tare. Yau ɗaya za ka zo daga Birni ka watse su?”

“Ke ba ki ga abin da nika gani ba,” ya ce. “Satin ga munka rasa wani dattijo mai suga irin ta Baba. Da ƙahwatai yaz zo asibiti. Kina so in ga Baba bisa gadon nan?”

“To Baffa hwa? Ina za shi ci?”

“Ki kai mashi gida. Mi ar wuya ciki?”

Idonsa ya yi ja. Yayana ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi, kuma abin da ya gani da idonsa ya gani. Baba ma da ya ga ɗansa na fari yana share hawaye da bayan hannu, sai ya ce to, a yi yadda ya ce.

Sauran dattawan an aika musu, sun ji. Baffa ba shi da rediyo, saƙon kuma bai iske shi ba, sai ga tarinsa bayan magariba kamar kullum. Yaya ya tare shi a ƙofar zaure, ni ina daga ciki ina ji. Wallahi da ladabi ya yi masa magana. Ya ce cutar nan mutum na iya ɗauke da ita bai sani ba, ta fi fita ta tari, kuma idan ta kama mai suga da wuya ya tashi. Baffa ya ce, “Ashe ni ka iya kashe shi.” Yaya ya ce a'a, ba haka yake nufi ba, kowa ma an hana. Baffa ya ce Allah shi yi albarka, ya juya. Na ji yana danne tarin har ya fita lungu.

Duk azumin nan ni ke kai masa abin buɗa baki. Sai ya ce in ajiye a bakin ƙofa in ja baya, shi yana bayan asabari. Washegari in na zo ɗaukar kwano, in tarar an ɗan gutsuri gefe, sauran ya kwana. Na yi lallashi, na yi fushi, na canza miya, na koma kunu da ƙosai. Ya ce mini, “Ɗiyata, ba girkinki na ba. Abinci ba shi wuce min in ni ɗaya na.” Baba ma haka yake a gida, loma biyu ya ture kwano. Amma Baba yana da ni a kansa, ina tsaye ina mita har sai ya ci don in rabu da shi.

Bayan sallah abubuwa suka fara saki. Aka koma masallaci, kasuwa ta cika, dattawan suka mai da ciyayyarsu ƙofar wani gida a bayan namu. Yaya dai ya kafe a kan Baba: sai allurar rigakafi ta zo. Muka yi ta yi da shi a waya, ni in ce duk garin nan wa ya mutu da ita, shi ya ce wa aka gwada balle a sani. Dattawan sun aika wa Baffa ya zo, ya ƙi. Ya ce su ma duk tsofaffi ne. Ko masallaci in ya je, a waje yake shimfiɗa buzunsa, ana sallamewa ya tashi. 'Yarsa ta zo daga Gulma za ta tafi da shi, ya ce surukarta tsohuwa ce, ba zai je ya jawo musu ba.

Baba kuwa ba wanda ya kai shi zagin allurar nan. Kullum da sabon labarin da ya jiyo, wai ba a san abin da aka zuba ciki ba, wai me ya sa ita kaɗai ake bayarwa kyauta alhali maganin sugarsa sai an saya. Na ce masa wannan tambayar ta ƙarshe ni ma ina da ita. Amma ranar da aka ce ta iso garinmu, bayan kusan shekara, tun da hantsi ya sa babbar rigarsa ya ce in tare masa mai babur. Na ce, “Baba, ba kai kac ce ba ka yi ba?” Ya ce, “Ko guba ta a yi min. Na gaji da cin tuwo da ke.”

Daga wurin allurar gidan Baffa ya wuce, hannu na masa tsami, ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya ya ce an yi masa, yau akwai zaure. Baffa ya amsa daga ciki cewa shi ba a yi masa ba, kuma ko an yi, allura ba ta raba shi da tarin. Baba ya dawo gida ya shige ɗakinsa.

Na kira Yaya na gaya masa, ban tauna maganar ba. Ƙarshen makon ya zo, ko gida bai shiga ba muka tafi tare. Ya cire takunkumin, ya durƙusa a ƙasa gaban asabarin, ya ce, “Baffa, ni na. Tarinka na hayaƙi na, tun ina yaro nika jin shi. Ba ka da komi. Ka yi haƙuri ka hito.”

Baffa ya ce, “Kai kac ce mutum na ɗauke da ita bai sani ba. To ni ma ban sani ba. In niz zo yak kwanta, mi za ni ce ma Allah?”

Yaya ya yi bayani iya bayani, har ya ce zai kawo masu gwaji. Baffa ya ce a bar shi haka nan, hankalinsa ya fi kwanciya. A hanyar komawa na so in ce wa Yaya ka gani ko, amma da na dubi fuskarsa sai tausayinsa ya kama ni, na haɗiye.

Washegari da magariba Baba ya ce in zuba tuwo kwano ɗaya, ya ɗauka da kansa, na bi shi da buta. Ya zauna a ƙasa bakin ƙofar Baffa, ya tura kwanon ƙarƙashin asabari, rabi ciki rabi waje, ya wanke hannu.

“In ba ka sa hannu ba, ni ma ba ni ci,” ya ce. “Kuma na sha maganin suga. Ka san in ban ci ba hwaɗuwa za ni yi nan ƙoharka.”

Sannan hannu ya fito ta ƙarƙashin asabarin ya shiga kwanon. Na daɗe ban ga Baffa da kyau ba, muryarsa kawai nake ji. Hannun nan da na sani yana jan taru, ya koma ƙashi da jijiya, zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Na juya baya na yi kuka. Baba bai nuna ya gani ba, sai cewa ya yi, “Kai, tsohon banza, bar min kan kihin nan.” Muka ji dariya daga ciki, tari ya biyo ta.

Haka suka yi ta yi kullum. Baffa yana ci, amma cikin ya riga ya ƙanƙance, loma kaɗan yake iyawa. Yaya ya aiko da magungunan ƙarin jini da madara, ya ce in dinga dama masa kunun gyaɗa. Asabarin dai bai taɓa ɗagawa ba. Farkon damina, wata safiya maƙwabta suka yi sallama ba a amsa ba.

Baba ya ce shi zai yi masa wanka, ba wanda ya yi masa gardama. Yaya ya iso daga Birnin Kebbi kafin a sallace shi, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da suka dawo daga maƙabarta, Baba ya shigo ya zauna a tsakar gida, Yaya ya tsuguna kusa da shi, na kawo musu ruwa. Baba bai sha ba, yana ta duban hannuwansa.

“Sun matso su kama min mu ɗauke shi daga tabarma,” ya ce. “Kahin su duƙa na ɗaga shi. Ni ɗaya, da tsuhwana.”