Maƙeran Kessler, 1934–1984: Ƙungiyar da Masoyanta Suka Yi wa Yajin Kallo

Haihuwa da asali

An haifi ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin na Amurka ta Maƙeran Kessler ranar Asabar, 8 ga watan Satumba na shekarar 1934, a garin Kessler da ke jihar Ohio, cikin ɗakin taro na cocin unguwar ma'aikata. Mahaifinta shi ne kamfanin narka ƙarfe na garin, wanda ya ba ta fili a bayan tudun toka, ba don alheri ba, sai don bai san abin da zai yi da wurin ba. Mahaifiyarta kuwa ƙungiyar ƙwadago ce, wadda ta ba ta 'yan wasa ashirin da biyu da riguna goma sha tara. Cikin waɗanda suka halarci wannan zama akwai Ignatz Zabinski, mai kula da tanderu ta uku, ɗan shekara ashirin da tara, wanda aka naɗa kyaftin na farko saboda ya fi kowa faɗin kafaɗa.

Ƙuruciya da koyon sana'a, 1934–1948

A kakar farko Maƙera sun ci wasa biyu, an ci su bakwai. A 1935 sun ci uku, kuma mutanen gari suka ɗauki hakan a matsayin gagarumin ci gaba. 'Yan wasan suna tashi daga aiki ranar Asabar, su yi wasa ranar Lahadi bayan coci, su koma bakin wuta ranar Litinin da karayar haƙarƙari, ba tare da wani ya nemi hutu ba.

A shekarar 1937 aka yi babban yajin aiki a masana'antar, wanda ya ɗauki mako goma sha ɗaya, ma'aikata kuma suka yi nasara. Daga wannan shekara al'ummar Kessler ta riƙe aƙida guda biyu da ba ta taɓa saki ba: cewa babu mai dukiyar da ba ya durƙusawa idan aka janye masa hannu, da kuma cewa idan masu yaji suka ja layi a bakin ƙofa, wanda ya tsallake shi ya fita daga cikin mutane, shi da zuriyarsa. Akwai gidajen da har yau ba a neman aure a cikinsu saboda abin da kakansu ya yi a wannan yaji.

Ƙungiyar ta dakatar da wasa daga 1943 zuwa 1945 saboda yaƙin duniya na biyu, ta rasa 'yan wasa huɗu a can, sa'an nan a 1947 aka karɓe ta cikin gasar ƙwararru.

Aure, 1949

Da hidimar gasar ƙwararru ta fi ƙarfin ƙungiyar ƙwadago, sai a watan Afrilu na 1949 aka aurar da Maƙera ga Harlan Prewitt, attajirin da ke da manyan motocin dakon gawayi. Mutum ne mai rowa da kaifin baki, amma haifaffen Kessler ne, yana zama cikin sanyi tare da jama'a, yana zagin alkalin wasa da irin zagin da muke yi. Shi ya gina fili mai ɗaukar mutum dubu arba'in da ɗaya a 1952. An sayar wa Ignatz Zabinski kujera a layi na shida, kuma shekara talatin da ɗaya a jere bai taɓa fashin wasan gida ba.

Shekarun ɗaukaka, 1953–1962

A 1953 ƙungiyar ta ɗauki Leon Zabinski, ɗan Ignatz, cikin ƙartin gaba masu buɗe hanya da ƙirji. A 1955 aka ci wasa bakwai, a 1956 aka ci takwas, a 1957 kuma aka ci goma, aka kai wasan ƙarshe. Ranar 22 ga Disamba, cikin dusar ƙanƙara, saura daƙiƙa arba'in, saura yadi biyu a kai ƙwallo layin ƙarshe, Leon ya tunkuɗe mutum biyu a lokaci guda, mai gudu da ƙwallon ya bi ta bayansa ya faɗa layin, Maƙera suka ɗauki kofi da maki ashirin, abokan karawa na da goma sha bakwai. Shi ne kofi na farko, kuma ba a sake samun wani ba.

Da Leon ya zo gaban layi na shida jini na zuba daga hancinsa, abin da mahaifinsa ya ce masa shi ne, “Kai, na biyun nan ai ka kusa sakinsa. Ina kallonka.”

Leon ya bar wasa a 1961 saboda gwiwa, ya koma masana'anta, kuma a 1968 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar ƙwadago. A zamaninsa ya jagoranci yajin aiki uku, bai faɗi ko ɗaya ba.

Jinya, 1963–1982

Daga 1963 zuwa 1973 Maƙera sun kasance masu matsakaicin hali, bana ci shida, baɗi ci bakwai. A 1974 Harlan Prewitt ya rasu, ɗansa Whit ya gaji ƙungiyar. Shi Whit ya yi karatu a gabas, ya zauna a kudu, kuma abu na farko da ya gina a filin shi ne ɗakin gilashi mai na'urar ɗumama, domin kada numfashinmu ya taɓa shi. A 1976 ya sayar da mai jifan ƙwallo mafi kyau da muka samu cikin shekara ashirin. A 1977 masana'anta ta kashe tanderu biyu, ta sallami ma'aikata dubu huɗu, shi kuwa a wannan shekarar ya ƙara kuɗin shiga. A 1979 an ci wasa uku, a 1980 an ci biyu, a 1981 an ci biyu, a 1982 an ci ɗaya. Duk da haka filin bai taɓa rasa mutum dubu talatin da takwas ba, domin mu mutane ne da ba mu iya daina son abu ba.

Yajin kallo, 1983

A watan Yuni na 1983 Leon Zabinski ya kira taro a zauren ƙungiyar ƙwadago, ya gabatar da shawara cewa a ƙaurace wa dukkan wasannin gida guda takwas, a ja layi a ƙofofin fili, har sai Whit ya sayar wa garin ƙungiyar. Mutum ɗaya kaɗai ta yi jayayya, Dolores Havlik, wadda ta shekara ashirin tana sayar da tikiti.

Ta ce, “Leon, tsaya mana. Masana'anta ba ta da ƙafa, dole ta zauna ta saurare ka. Wannan fa riguna ce da ƙwallo, mota biyu ta kwashe su.”

Leon ya ce, “Haba Dolores, Whit ya kai su ina? Maƙera a inda ba a ƙira?”

Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a. Marubucin wannan tarihi yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu, kuma ya yi dariyar shi ma.

Yajin ya yi kyau fiye da kowane yaji da aka taɓa yi a Kessler. Kowace Lahadi mutum sama da dubu ashirin suna cika wurin ajiye motoci, suna gasa tsiran alade, suna sauraron rediyo, alhali a ciki ba a kai dubu huɗu ba. Ƙa'idar gasa ta hana nuna wasa a talabijin ɗin gari idan fili bai cika ba, saboda haka ba mu ga komai ba. A kakar nan kuwa Maƙera suka farfaɗo, suka ci bakwai cikin wasannin gida takwas, ga mu a bayan katanga muna jin labarinsu kamar na wata ƙasa.

Ranar 11 ga Disamba, wasan gida na ƙarshe, Ignatz Zabinski ya zo ƙofar arewa yana dogara sanda, yana da shekara saba'in da takwas. Ya yi biyayya Lahadi bakwai. Ɗansa ne ke tsaye a kan layin.

Tsohon ya ce, “Matsa in wuce, yaro. Sau ɗaya kawai. An ce yaran nan sun iya, ina so in gani da idona.”

Leon ya ce, “Baba, kai ka koya mini ba a tsallake layi. In ka wuce, kowa zai bi ka, shi ke nan mun rushe. Saura ƙiris Whit ya durƙusa. Baɗi ni da kaina zan riƙe hannunka in kai ka kujerarka.”

Tsohon ya dubi jama'a, ya dubi ɗansa, ya ce, “To, shugaba.” Ya juya ya koma mota.

Rasuwa da jana'iza

Abin da ba mu sani ba shi ne, tun wasan farko Whit ya ɗauki mai hoto aiki, ya ajiye shi a rufin fili, fuskarsa na kallon ciki. Ƙa'idar gasa ba ta yarda a ɗauke ƙungiya daga garinta ba sai an tabbatar garin ya guje ta, kuma shekara tara Whit yana neman wannan hujja bai samu ba, sai da muka haɗa masa ita da hannunmu, Lahadi takwas cif. A taron masu ƙungiyoyi na watan Maris 1984 ya baje hotunan kujeru babu kowa, aka amince masa ya koma wani birni a kudu. Babu hoto ko ɗaya na wurin ajiye motoci.

Maƙeran Kessler sun rasu ranar 21 ga Maris 1984, saura wata shida su cika shekara hamsin. An kwashe kayansu da rana tsaka, kowa na gani, kuma babu wanda ya ja layi. A can kudu an sauya musu suna da launin riga. Ignatz Zabinski ya bi su lahira a watan Mayu. An yi jana'izar filin a watan Oktoba na 1986, lokacin da aka rushe shi, aka binne ɓaraguzansa a tsohon ramin toka.

Marigayiyar ta bar tarihin wasa ɗari biyu da sittin da takwas da ta ci, da ɗari uku da ɗaya da aka ci ta. Ta bar kofi ɗaya, wanda yanzu yake cikin akwatin gilashi a birnin da bai san inda aka samo shi ba. Ta bar tsofaffin 'yan wasa sittin da uku a raye, galibinsu ba sa iya hawa bene. Ta bar Dolores Havlik, wadda ba ta taɓa ce wa kowa “ai na faɗa” ba, kuma wannan shirun nata ya fi mana zafi. Ta bar mu, masu ɗaga hannu, da baƙin cikin da ba mu da wanda za mu kai wa ƙara. Sa'an nan ta bar Leon Zabinski, wanda ya ajiye shugabanci a makon da aka binne mahaifinsa, ya rayu shekara goma sha tara bayan haka. Sau ɗaya aka tambaye shi ko ya yi nadamar yajin, ya ce yajin daidai ne, ko yau aka ce a sake zai sake. Sa'an nan ya ce da ma a ranar da mahaifinsa ya zo ƙofar arewa, shi ƙofar kudu ya tsaya.