Ranar da Kakana Ya Daina Gumi

Ƙamshin jiƙaƙƙen zani a rana shi ke mayar da ni zauren gidanmu a Birnin Zazzau, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara.

Kakana maɗinkin manyan riguna ne. Yini yake a zaure da abokan ɗinkinsa, gumi na ɗiga ta gemunsa. Ran nan bayan azahar aka aike ni in kai masa zare, ina 'yar shekara takwas. Na tarar ya jingina da bango yana magana ba kan gado. Na taɓa goshinsa, zafi rau, amma a bushe ƙayau. Ni da wautata sai na ruga cikin gida da murna, wai albishir, yau Malam ko gumi ba ya yi.

Wallahi ban taɓa ganin fuskar kakata haka ba. Matar da ko sunansa ba ta faɗa, wadda ba ta taka zaure in da maza, ta suri bokiti ta fita ko mayafi babu. Ni na daskare, dattawan ma haka. A gabansu ta tuɓe masa riga, ta tsoma zani a ruwa ta shafe masa jiki, ta miƙa musu faifai da mafici ta ce su yi ta fifita. Wani ya ce zazzaɓi ne, a lulluɓe shi. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Gumin da ke bushewa a fata shi ke tafiya da zafin jiki," in ji ta. "Nasa ya ƙare, sai mu ara masa."

Da ya fara gane mutane ta kai masa kofi baki. Ya kau da kai, wai azumi yake. Ta ce ya sha ya rama, ita ba ta shirya takaba ba. Ya sha. A asibiti likita ya ce da an lulluɓe shi, da ba a kawo shi da rai ba.

Yanzu gidan ya sha siminti da kwano, in an ɗauke wuta ɗakunan ba sa zaunuwa. Mahaifina ya kai shekarun kakana. Duk bazara nakan kai masa hannu wuya, yana faɗa wai na dame shi. Sai na ji tafina ya jiƙe nake komawa aikina.