Irin Kankanar Maigidana

Ina wanke citta a bakin rijiya maƙwabciyata ta shigo, ko sallama ba ta yi ba. Ta ce malamin gona ya zo daga Kafanchan a kan babur, yana cikin gonata, yana nemana.

Wata biyar ke nan da muka binne maigidana. Shi ya fara shuka kankana a ƙauyenmu na Kagoma, tsakanin kunyoyin agushi. Bayan jana'iza, matan zumuntar cocinmu da suka yi mana girki ban sallame su hannu wofi ba, haka muke yi. Na buɗe goran irinsa, kowace na zuba mata tafi guda.

Na tarar da malamin a tsugune, ganyen kankana a tafinsa.

"Mama, yaushe ya fara haka?"

"Sati uku. Yunwar ƙasa ce, Malam. Na zuba toka."

Ya girgiza kai. Ya ce yunwa daga tsohon ganye take farawa, ya yi rawaya gaba ɗaya. Wannan kuwa sabon toho ya kama. Ya ɗaga ganyen wajen rana, na ga dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya yamutse kamar an matse shi. Ya nuna mini 'ya'yan, duk ƙuraje, sun karkace. Ya juya ganyen, ga ƙananan ƙwari maƙale a baya. Su ke kai cutar daga wannan yaɗo zuwa wancan, in ji shi, kuma ba ta da magani. Sai tugewa da ƙonawa.

"Wani lokaci tana ɓoye cikin iri. Kin ba wani?"

Maƙwabciyata tana tsaye a bayana. Ita ma ta karɓa. Ban juya ba.

"Na ba mutum tara."

Ran Lahadi bayan sujada na tsaya gaban matan na faɗa musu abin da malamin ya ce. Wata tsohuwa ta ce, "Ke kika haifi ƙwarin? Zauna, 'yata." Amma biyu sun fita ba su gaishe ni ba.

Ran Litinin na tuge gonar da hannuna, na sa wuta. Malamin ya ce in haɗa da ragowar irin, tunda ba shi da yadda zai gane mai kyau da ido. Na ce to.

Goran yana nan rataye inda maigidana ya bar shi. Ban shuka ba, ban kuma ƙona ba.